Madubin da Ba a Rufe Ba

Ranar da Zornitsa ta fara ganin Delyan, saura ƙiris ta karya masa ƙafa.

Tana hawa tudun bayan gidan kakanta ne, rungume da dunƙulen ƙarfen da ake rataya wa injin hangen taurari don nauyinsa ya daidaita, sai ya suɓuce mata. Ya kama gangara yana tsalle a kan duwatsu, ya nufi wani saurayi da ke tahowa da jakar fata a kafaɗa. Saurayin ya daka tsalle ya faɗa cikin ciyawa mai ƙaiƙayi.

"Ashe gaskiya ne," in ji shi yana sosa hannu. "An ce jikar Dyado Manol ta dawo daga Plovdiv da igwa. Ban san har an fara harbi ba."

"Ba igwa ba ce, madubin hangen taurari ne. Kuma da kai na auna, da ban kuskure ba."

Ya tsaya yana kallonta, sannan ya fashe da dariya. Shi ya ɗauko ƙarfen har saman tudu, yana ta mitar cewa ɗan maraƙi ma bai kai shi nauyi ba. A hanya ta ji cewa shi ne likitan dabbobin ƙauyukan nan uku, ɗan Bay Iliya, abokin darar kakanta.

Kakanta, Dyado Manol, yana zaune a benci yana kallonsu ta ƙasan hula. Gashin bakinsa kawai ya murza.

Ƙauyensu, Vranin Dol, wuri ne da takardun sanarwar rasuwa suka fi mutanensa yawa. Kowace ƙofa da nata, kowace bishiyar bakin hanya da nata, fuskokin matattu suna kallon mai wucewa har ruwan sama ya wanke su. Matasa sun watse, iyayen Zornitsa ma suna Sifaniya suna aikin gona. Da magariba ta yi sai duhu ya sauko daga duwatsun Rodopi ya rufe komai. Wannan duhun da ya kori kowa, shi ya dawo da ita. Da rana tana rubuta manhaja a kwamfuta tana kula da kakanta, da dare tana ɗaukar hoton sama.

Ta kafa injin a kan ginshiƙin siminti, cikin wata 'yar rumfa mai gajerun bango da rufin da ake turawa gefe. Farin bututu ne kamar ganga, a kan wani kai na ƙarfe mai motoci biyu. Idan ta faɗa masa tauraron da take so, da kansa yake juyawa ya nemo shi, ya bi shi a hankali har gari ya waye, ita kuwa ta je ta yi barcinta. Da asuba idan ya gama, sai ya sauko daga sama ya kwanta a miƙe, don rufi ya samu rufuwa.

Kafin ya fara aiki sai an saita ƙaramin madubin nuni da babban su kalli abu guda, kuma da rana ake yi, da wani abu mai nisa da ba ya motsi. Mako guda bayan faɗuwar ƙarfen tana ta lalube a tsallaken kwari, Dyado Manol ya ɗaga sandarsa.

"Duba gidan Iliya, 'yar nan. Ƙarƙashin sheƙar shamuwa, a jikin bututun hayaƙi, akwai wani abu mai ƙyalli."

Ta duba, ta sami wani shuɗin abu mai da'ira yana walƙiya. Ta yi saitinta da shi. Da kwamfuta ta tambaye ta inda injin zai riƙa kwanciya kullum, gabas da yamma duk a buɗe suke, amma ta tsaya tana kallon rufin gidan nan, kuncinta ya yi zafi, ta danna ta ajiye shi a nan. Ba ta faɗa wa kowa ba.

Bazara ta shigo da saƙonni.

"Tauraruwata, akuyar Baba Stoyna ta haifi uku. Na sa wa mai taurin kan sunanki."

"Likitan awaki, ka zo da yamma da riga mai kauri. Zan nuna maka duniyar da ke sanye da zobe."

"Zobe? Kina yi mini habaici ke nan? Na ji, na gane."

Ya zo. Ya sa ido a madubin ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, muryarsa ta yi ƙasa.

"Zori, duk wannan yana saman kanmu tun da, mu kuwa muna ta kallon kofaton tumaki?"

"Wani ya kalli kofato, wani ya kalli sama, Delyo. In ba haka ba wa zai ba mu cuku?"

Ya kama hannunta mai sanyi ya sa a aljihun rigarsa. Injin yana ta 'yar ƙararsa a gefensu, siririya kamar kukan sauro.

A tsakiyar watan Yuli Dyado Manol ya kwanta barcin rana bai tashi ba.

Tsofaffin mata suka cika gidan kafin ta gama kuka. Suka tsayar da agogo, suka kori kyanwa, suka bi ɗaki ɗaki suna lulluɓe kowane madubi da zane, har gilashin talabijin, don kada ran mamaci ya ga kansa ya maƙale a ciki cikin kwana arba'in ɗin da yake zagayen gida. Lelya Todorka, mahaifiyar Delyan, ita ke ba da umarni. Zornitsa ta bar su suka yi. Babu wanda ya tuna da rumfar kan tudu, har ita kanta.

Kwana uku bayan jana'iza barci ya gagare ta, ta koma ga injinta. Shi kaɗai ne bai ce mata ta yi haƙuri ba.

Radostina, 'yar mai kantin ƙauyen, wadda ta daɗe tana ajiye wa Delyan burodi mai zafi ba tare da ya tambaya ba, ita ta saki maganar. Ta sake ta ne a hankali, tana auna wa Lelya Todorka sukari.

"Ni dai ban san komai ba, Lelya. Amma na gani a waya, wai irin igwar nan babban madubi ne a cikinta, ya kai faranti. Ko an rufe shi, oho."

Washegari da asuba mata biyu masu zuwa tatsa suka tsaya suna kallon tudun. Hazo ya kwanta a kwari, rumfar kaɗai ta fito a samansa da 'yar jar fitilarta. Babu kowa a wurin. Suna kallo farin bututun ya sauko daga sama yana kuka, ya juya a hankali kamar wuyan mai neman wani a cikin taro, ya tsaya cak yana fuskantar gidan Bay Iliya.

Tun bazara yake yin haka, babu wanda ya kula. Yanzu kowa ya kula.

Mako bai cika ba Bay Iliya ya yanke jiki ya faɗi a gonar wake. Da aka dawo da shi daga asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta tafi.

"Manol ne," in ji ƙauyen. "Ya maƙale a madubi, kaɗaici ya dame shi, yana kiran abokin dararsa."

Daga nan Zornitsa ta san wani sabon shiru. Idan ta shiga kanti sai hira ta mutu. Baba Stoyna ta daina kawo mata madara. Wata safiya ta tarar an zagaye ƙofarta da toka da tafarnuwa, wata safiyar kuma an tofa wa takardar rasuwar kakanta yawu. Ta wanke takardar da hannunta, ta share tokar, ta sa jar rigarta ta ratsa tsakiyar ƙauye kanta a sama. Wadda ta kare digirinta a gaban farfesoshi biyar ba za ta sunkuyar da kai don tafarnuwa ba. Amma idan ta rufe ƙofa, gida ne mai lulluɓaɓɓun madubai da agogon da ba ya tafiya, kuma sau da yawa takan ji kamar sandar Dyado tana taɓa daɓe a ɗakin da babu kowa.

Delyan ya zo mata da yamma, idanunsa sun faɗa.

"Zori, don Allah ki juyar da shi wani wajen. Ko ki rufe shi har arba'in ta wuce."

"Kai ma ka yarda kakana yana cikin bututu?"

"Ban yarda ba. Amma Mama ba ta barci. Kullum da asuba tana bakin taga tana jiran ya juyo. Ta ce muddin tana numfashi ba zan auri mai nuna gidanmu da mutuwa ba."

"To ina zan juya shi? Gabas gidan Baba Stoyna ne, kudu maƙabarta. Duk inda ya kalla za su ce ya zaɓi wani. In na rufe shi kuma, na amsa laifi ke nan, har in mutu sunana mayya."

"To me ya sa gidanmu? Duk faɗin duniyar nan, me ya sa mu?"

Amsar tana bakinta. Amma ta tuna Radostina da dariyarta, ta tuna yadda zance zai zagaya cewa 'yar boko ta kafa wa gidan saurayi madubi tun bai ce yana sonta ba. Ta haɗiye.

"Inda na ajiye shi ke nan."

"Mahaifina yana kwance ba ya iya kiran sunana, ke kuma abin da za ki ce ke nan?"

Ya tafi bai waiwayo ba. Daren nan saƙo ɗaya ya shigo.

"Ina sonki, Zori. Amma ban san yadda ake son dutse ba."

Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Daga ƙarshe ta kife wayar.

Makonni suka ja. Ta ji an ce Radostina tana kai miya gidan Bay Iliya kullum, har Lelya Todorka tana kiranta 'yata. Zornitsa ta tono dankalin kakanta ita kaɗai, ta faskara itacen hunturu har tafinta ya yi kanta. Kowane dare mai haske ta tura rufi ta sa injin aiki, kowace asuba ya sauko ya kalli gidan da ba a son ganinta. Shamuwoyi suka fara taruwa a kan turakun lantarki suna shirin tafiya.

Ranar arba'in ta tashi tun duhu don ta dafa alkamar sadaka. Tana juya tukunya ta ji takun mutum a hanyar tudu. Ta fita ba takalmi.

Lelya Todorka ce tsaye a bakin rumfa, baƙin mayafi a hannu ɗaya, taɓaryar tagulla a ɗayan. Hazo ya kai musu gwiwa. Bututun yana can sama yana bin taurarin Kaza da 'ya'yanta, waɗanda suka fara dusashewa.

"Matsa, yarinya. Yau ransa zai tafi, in yana da hanyar fita. Ba zan bari ya tafi da mijina ba."

"Ina kwana, Lelya."

"Kada ki gaishe ni!"

Sai injin ya yi ƙara. Babu wanda ya taɓa shi. Ya saki taurarin, ya fara saukowa, jar fitilarsa tana lilo a cikin hazo, bakinsa ya wuce ta saman kan Lelya Todorka har iskarsa ta motsa mata ɗankwali. Tsohuwar ta yi alamar gicciye. Ita kanta Zornitsa, da ta san kowace waya da ke jikinsa, sai da tsikar jikinta ta tashi. Ya tsaya.

Lelya Todorka ta ɗaga taɓarya. Zornitsa ta shiga tsakani.

"Ki fasa, Lelya, ba zan riƙe hannunki ba. Amma ki fara duba abin da yake kallo. Ba a yanke wa ko kare hukunci ba a ga abin da ya ci ba."

Ta cire kyamara, ta sa gilashin ido, ta murza har hoto ya fito. Gari ya fara haske. Tsohuwar ta matso kamar mai leƙa kabari, ta runtse ido ɗaya, ta sunkuya.

Ta daɗe tana leƙe.

"Komai a kife yake," ta ce da raɗa. "Ga shamuwa tana tsaye da ka... Ga bututun hayaƙina..." Sai ta yi wata irin ƙara da ta sa karnukan kwari haushi. "Murfin tukunyata! Shuɗin murfina mai tsaguwa a baki! Tun watan Maris nake nemansa, har na daina gaisawa da Stoyna a kansa! Uban wa ya ɗaure shi da waya a can?"

"Ban san murfi ba ne. Dyado ne ya nuna mini shi, ya ce in yi saiti da shi."

"Yaushe?"

"Mako guda da haɗuwata da Delyan."

Lelya Todorka ta miƙe a hankali. Taɓaryar ta sauka gefen cinyarta.

"A makon nan Iliya ya shigo mini da wando baƙi ƙirin da kunkunniya. Na ce ina ka shiga, ya ce shi da Manol suna wani aikin gwamnati. Suna ta dariya kamar yara, tsofaffin banza." Ta juyo ta kafe Zornitsa da ido. "To saiti ya ƙare tun Maris. Me ya hana ki kawar da shi?"

Makonni ke nan Zornitsa tana riƙe da wannan amsar kamar garwashi. Ta ɗaga haɓa, duk da hawaye sun riga sun zubo.

"Ɗanki yana kwana a ƙarƙashin rufin nan, Lelya. Na so duk inda injina ya yawata a sama, can ya dawo ya kwana. Tun kakana yana da rai yake kallon gidanku, ba mutuwa yake nema ba."

"Shi ne kika bari ana zuba miki toka a ƙofa ba ki faɗa ba?"

"Ba a tambaye ni ba. Hukunci aka yanke."

"Kai, wannan taurin kai! Manol sak." Ta share hanci da bakin mayafi, ta damƙi wuyan hannun Zornitsa. "Taho. Haka nan, ba takalmi."

Suka tarar da Delyan yana ba mahaifinsa shayi da cokali. Ya miƙe da ganinsu, cokalin ya faɗi. Lelya Todorka ta tsaya a kan mijinta, hannu a ƙugu.

"Iliya, ina shuɗin murfina?"

Idanun tsohon suka tafi kan Zornitsa, suka koma kan ɗansa. Ɓarin bakinsa mai rai ya fara rawa, ƙirjinsa ya hau girgiza, wata dariya mara sauti ta kama shi har hawaye. Ya ɗaga lafiyayyen hannunsa da ƙyar, ya haɗa yatsu biyu wuri guda, ya ɗaga su sama.

"Kun gani ko," in ji Lelya Todorka, tana kuka tana dariya. "Matan ƙauye ba su yi ƙarya ba, Manol ne yake nuna gidan nan. Ango yake nunawa, mu muka ce gawa."

Delyan ya bi Zornitsa har tsakar gida.

"Zori, tun Maris?"

"Kada ka kumbura, likitan awaki. Murfin tukunya nake kallo."

"Na bar ki ke kaɗai a lokacin da bai kamata ba. Ki yafe mini."

"Ni ma da na buɗe baki da ba mu kai nan ba. Amma ka sani, ba zan juya shi ba."

"Kada ki juya. Ki dai zo ki kwana a inda yake kallo."

Da hantsi suka kai alkama kabarin Dyado Manol tare, ƙauyen yana kallo. Da suka dawo, Lelya Todorka ta tsaya a bakin rumfa tana murza baƙin mayafinta.

"Na ji bayaninki, 'yata, na kuma yarda. Amma yau arba'in. Bari in rufe masa na yini ɗaya, hankalina ya kwanta."

Zornitsa ta kalle ta, ta karɓi gefe ɗaya na mayafin. Tare suka lulluɓe bakin bututun. Babu iska ko kaɗan a tudun, amma mayafin ya kumbura sau ɗaya, kamar an saki numfashi daga ciki, sannan ya kwanta. Suka kalli juna. Har yau babu wadda ta tayar da maganar a cikinsu.

An ɗaura auren a bazarar da ta biyo, makon da shamuwoyi suka dawo sheƙarsu. Iyayenta suka zo daga Sifaniya, mai algaitar salka ya busa har tsofaffi suka jefar da sanduna suka shiga layin rawa. Radostina ta aiko da burodin biki, ita ba ta zo ba. Baba Stoyna ta zo da tulun madara da neman gafara, aka kuma mayar mata da gaisuwar da aka riƙe mata saboda murfi.

Da amarya da ango suka ja burodin a saman kansu don a ga wanda zai mallaki gida, babban ɓarin ya tafi hannun Zornitsa.

"Dama an sani!" wani ya yi ihu.

Lelya Todorka ta tsoma gutsure a zuma ta sa musu a baki, ta ce Allah ya zaƙaƙa zamansu, ya cika gidan da 'ya'ya, ya raba su da bakin mutane. Bay Iliya, da ke zaune a kujera an lulluɓe masa ƙafa, ya yi watanni yana gwada kalma ɗaya a ɓoye. Ya ja numfashi, ya fitar da ita a karkace amma kowa ya ji.

"Amin."

Murfin yana nan a jikin bututun hayaƙi, Lelya Todorka ta hana a sauke. Kowace asuba injin yana saukowa daga sama da 'yar ƙararsa ya juyo ya kalli gidan, Zornitsa kuma takan buɗe taga ta ɗaga masa hannu kafin ta ɗora ruwan shayi.